Ɗan gida ko gogaggen baƙo: tarihin ɗaukar koci a Kano Pillars da Niger Tornadoes

Duk lokacin da kujerar kocin Niger Tornadoes ta fara girgiɗi, muhawara ɗaya ce ke tashi a majalisu da gidajen kallon ƙwallo, tun daga nan Garatu har Kpakungu da cikin Bosso. Wasu su ce a ba ɗan gida, wanda ya san ciwon ƙungiyar, wanda in an ci mu ba zai iya barci ba. Wasu su ce kishi ba ya jefa ƙwallo a raga, a nemo wanda ya taɓa ɗaga kofi ko daga ina yake. Maganar ta wuce hirar shayi, domin ƙungiyar ta gwamnatin jiha ce, da kuɗin jama'a ake tafiyar da ita, kuma kuskuren zaɓe na kaka ɗaya yana iya jefa ta gasar 'yan dagaji ta kwashe shekaru tana fafutukar dawowa. Mun ga haka da idonmu a 2019.

Ƙungiyar da ta fi kowace a Arewa gwada hanyoyin nan biyu, ta kuma bar tarihin da za a iya bi daki-daki, ita ce Kano Pillars. Da ita za mu fara kafin mu dawo gida Minna.

Sai dai kafin nan, kalmar "ɗan gida" kanta tana buƙatar a warware ta, don masu gardama sukan cakuɗa abubuwa daban-daban a cikinta. Wani yana nufin ɗan asalin jihar. Wani yana nufin tsohon ɗan wasan da ya sa rigar ƙungiyar ya yi gumi a cikinta. Wani kuma yana nufin mataimakin koci da ya daɗe a benci, ya san kowane yaro da halinsa, ko da ba a garin aka binne cibiyarsa ba. In aka bi tarihin, za a ga wannan na ƙarshe shi ya fi yawan fitar da ƙungiya kunya, shi ne kuma aka fi saurin mantawa da shi.

An kafa Pillars a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyin WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Ta yi shekara 18 ba ta ɗauki kofin gasar ƙasa ba, duk da tana da 'yan kallon da ba kowace ƙungiya ke da irinsu ba. Wanda ya karya wannan ƙofa a 2008 shi ne Kadiri Ikhana, mutumin jihar Edo, tsohon ɗan wasan Bendel Insurance, wanda yana cikin 'yan wasan Najeriya da suka ci kofin Afirka a Legas a 1980. Abin da ya kawo shi Kano sananne ne: shi ne ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003, karo na farko da wata ƙungiyar Najeriya ta taɓa ɗaukarsa. Babu wata alaƙa ta jini tsakaninsa da Kano. An ɗauko shi ne don abin da ya taɓa yi, ya kuma sake yi. Masu ra'ayin gogewa ba su da hujjar da ta fi wannan ƙarfi.

Shekarar da ta biyo baya ta ƙara musu ƙarfin gwiwa. A 2009 Pillars ta shiga gasar zakarun Afirka ƙarƙashin wani Bature ɗan ƙasar Sulobeniya, Ivo Sajh. A zagaye na biyu ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin. Aka tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka yi 2-2, Pillars ta wuce da ƙwallon da ta ci a waje. Har yau dattawan 'yan kallo in suna lissafin manyan ranakun ƙwallon Arewa, da wannan suke farawa. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda 'yar uwarta Heartland ta Owerri ta fitar da ita da ci 5-0 gida da waje. Tun daga nan Pillars ba ta sake kaiwa wannan matsayi a Afirka ba.

Daga nan labarin ya juya. A kakar 2012 Ladan Bosso ne ke riƙe da ƙungiyar, kuma ba ƙaramin koci ba ne, domin shi ya kai Flying Eagles wasan kwata fainal a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Kanada a 2007. Ana tsakiyar kaka hukumar ƙungiyar ta dakatar da shi, ta miƙa ragama ga mataimakinsa Mohammed Babaganaru. Mutane da yawa sun ɗauka riƙon ƙwarya ne kafin a samo babban suna. Babaganaru ya ɗauki kofin a 2012, ya sake ɗauka a 2013. Shi ba Bakano ba ne, mutumin Borno ne, amma ya zauna a cikin ƙungiyar har ya san ta ciki da bai. Ya san wanda ake yi wa tsawa ya tashi, da wanda in an yi masa tsawa sai ya mutu a fili. Zamani ne na su Rabi'u Ali Pele da Gambo Mohammed, yaran da suka daɗe tare, kuma abin da suke buƙata shi ne wanda ba zai wargaza abin da ya riga ya ginu ba.

To me ya hana a bar shi ya ci gaba? Afirka ce. A 2013 Pillars ta lallasa AC Leopards ta Kwango 4-1 a Kano, kowa ya ɗauka an gama, sai aka je can aka sha 3-0 aka fito. Irin wannan faɗuwa ita ke sa a fara cewa koci ya iya gasar gida amma bai san dawan waje ba. Babaganaru ya koma Nasarawa United, Pillars kuma ta sake komawa tsohuwar dabararta ta 2008: ta ɗauko Okey Emordi, wanda ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka karo na biyu a 2004. Lissafin a bayyane yake, wanda ya san hanya shi ake ba jagora.

Ga abin da ya faru. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta fitar da Pillars tun a zagayen share fage. Don a yi adalci, AS Vita ɗin nan ita ta je har wasan ƙarshe a shekarar, ba kanwar lasa ba ce. Emordi ya ci gasar ƙasa a 2014, karo na uku a jere ga Pillars, na huɗu jimilla. A 2015 kuma Moghreb Tetouan ta Maroko ta zuba mata 4-0 a can, ramuwar 2-1 a Kano ba ta isa ba. Wanda zai yi wa Emordi hukunci kan wannan wasa ya tuna cewa a farkon watan Maris na shekarar 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja suna tafiya Owerri, suka raunata 'yan wasa har da Gambo Mohammed. Ƙungiyar da ta je Maroko ba cikakkiya ba ce, jiki da zuciya. Duk da haka kujerar ba ta ɗore masa ba. An kawo shi don Afirka, Afirka ba ta samu ba, sai aka koma aka yi bikon Babaganaru.

Dawowar ba ta yi armashin zuwan farko ba. A cikin wannan shekara ta 2015 Nasarawa United, ƙungiyar da ya baro, ta zo har filin Sani Abacha ta ci Pillars 2-1, ta kawo ƙarshen shekara 12 da Sai Masu Gida suka yi ba a doke su a gida ba a gasar ƙasa. Bayan shi aka sake yin wani bikon, aka dawo da Ikhana, shi ma bai maimaita 2008 ba, ya tafi a 2017. A ganina wannan ɓangare ya fi kowane koyarwa. Mutum biyun nan, ɗaya gwanin gogewa ɗaya gwanin sanin gida, kowannensu ya ci kofi a zuwan farko, kowannensu ya koma hannu rabbana a zuwa na biyu. Mutanen ba su canza ba. 'Yan wasan ne suka tsufa, wasu suka watse, abokan hamayya kuma suka farka.

Sai zamanin Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, ɗan gida ta kowace fassara da mutum ya zaɓa. Shi ya karɓa a 2017. A watan Oktoban 2018 ya kai Pillars wasan ƙarshe na kofin ƙalubale, wanda a lokacin ake kira kofin Aiteo, a Asaba. Pillars ta ci Enugu Rangers uku ba ko ɗaya, 'yan Kano suka fara shirin biki, sai Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenareti. Ba a cika ganin irin wannan a wasan ƙarshe ba. A ƙungiyoyinmu koci kan rasa aiki a kan abin da bai kai rabin wannan ba, kuma da baƙo ne, da wuya ya kwana a kan kujerar. Aka bar Jugunu. A 2019 ya gama gasar ƙasa a matsayi na biyu bayan Enyimba, sannan ya sake kai ƙungiyar wasan ƙarshe na kofin ƙalubale.

Wannan wasa mu mutanen Neja ba ma buƙatar a tuna mana shi, domin da mu aka yi. A watan Yulin 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, Pillars da Tornadoes suka tashi babu ci, aka je fenareti, Pillars ta yi nasara 4-3. Shi ne kofin ƙalubale na farko a tarihin Pillars, kuma rabon Kano da wannan kofi tun 1953, zamanin ana kiransa kofin Gwamna. Abin da Ikhana da Sajh da Babaganaru da Emordi ba su kawo ba, ɗan gidan da aka yi wa haƙuri bayan abin kunyar Asaba shi ya kawo.

Duk da haka ciwon Afirka bai warke ba. Asante Kotoko ta Ghana ta fitar da Pillars a zagayen share fage a 2019, sai aka sake waiwayar waje, aka ɗauko Bafaranshe Lionel Soccoia a 2020. Shi ma Jaraaf ta Senegal ta fitar da shi tun a matakin farko, bai kuma gama kakar ba. A 2022 Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji. Wanda ya bi kakar ya san ba a benci kaɗai matsalar take ba: an yi ta buga wasannin gida a wasu garuruwa, an kuma zaftare mata maki saboda rikicin 'yan kallo da cin zarafin alƙalin wasa. Babu kocin da ke da maganin makin da aka cire a ofis.

Mu dawo Minna. Babbar ranar Tornadoes har gobe ita ce ta shekarar 2000, lokacin da ta doke Enugu Rangers 1-0 ta ɗauki kofin ƙalubale ƙarƙashin Justin Tenger. Bayan wannan ƙungiyar ta sha hawa da sauka. Abdullahi Biffo ne ya dawo da ita babbar gasa a 2015, amma bai daɗe a cikinta ba aka raba gari, mataimakinsa Abubakar Bala ya karɓa. Kamar yadda aka yi a Kano a 2012, na benci ne ya tashi ya riƙe, ya kuma riƙe da kyau. A lokacin ma Tornadoes ba ta da gatan buga wasa a filin Bako Kontagora, a Lokoja take karɓar baƙi, ga wahalar hanya ga rashin 'yan kallonta. A haka Bala ya kai 'yan Ikon Allah wasan ƙarshe na kofin Aiteo a watan Oktoban 2017 a Agege, aka tashi babu ci da Akwa United, aka rasa kofin a fenareti 3-2.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da ya kamata masu riƙe da ƙungiyar su riƙa tunawa. Maimakon a gina a kan wanda ya kai mu bakin kofi, kakar 2018 ta buɗe da sabon koci daga waje, Erasmus Onuh. Bai yi nisa ba aka sallame shi, aka koma kan wani na cikin gida, Hamza Abara, ƙungiyar ta farfaɗo. Kakar ta tsaya a wasa na 24 saboda rikicin shugabancin hukumar ƙwallon ƙasa, ba a kuma saukar da kowa ba. A 2019 aka sake ɗauko wani gogaggen daga waje, Bernard Ogbe. Wannan kaka gajeriya ce, an raba ƙungiyoyi 24 gida biyu, huɗu-huɗu za su faɗi a kowane rukuni, ba ta da wurin gwaje-gwaje. Tornadoes na cikin waɗanda suka faɗi. Wato ƙungiyar da ta riƙe Pillars babu ci a Kaduna ta riga ta faɗi daga babbar gasa kafin ranar. 'Yan wasan da za su iya zuwa wasan ƙarshe sau biyu cikin shekara uku ba 'yan wasan faɗuwa ba ne. Sai a 2021 ta samu dawowa.

Ba ina cewa Onuh ko Ogbe ba su iya aiki ba. Kowannensu ya horar da manyan ƙungiyoyi kafin ya zo Minna. Matsalar tsarin ce. A gasarmu koci kan zo ne gab da fara kaka, da kwantiragin shekara ɗaya, wani lokaci ya tarar an riga an ɗauki 'yan wasa, wani lokaci ya zo da nasa yaran ya kori na da. Kafin ya gane waye waye, an buga wasa biyar, an ba shi wa'adin wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa. Gogewarsa ba ta samu lokacin da za ta yi aiki ba. Shi kuwa mataimaki da ya daɗe, ba ya buƙatar wannan lokaci, shi ya sa yakan yi saurin tsayar da jini. Ga kuma batun da ba a so a faɗa: ɗan gida ya fi arha, ya fi haƙurin jiran albashi, ya fi wuyar kai ƙara. Sau da yawa in ka ji hukumar ƙungiya na yabon kishin ɗan gida, duba asusunta. In kuɗi ya shigo, ko sabon shugaba ya zo yana son ya nuna ya zo, sai a tuna da babban suna, a mayar da mai kishin kujerar baya.

Akwai wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye. Ladan Bosso ɗan jihar nan ne, sunansa ma sunan ƙaramar hukumarmu ne. Ya taɓa riƙe Tornadoes, amma yawancin aikinsa a gidajen wasu ya yi shi: Bauchi, Kano, Bayelsa, Abia, Maiduguri. A 2023 ya sake kai Flying Eagles kwata fainal a gasar duniya, bayan ya fitar da mai masaukin baƙi Ajantina da ci 2-0. Wanda muke kira ɗan gida a Minna shi ne baƙon da aka dakatar a Kano a 2012. Haka kuma wanda ya hana mu kofi a Agege a 2017, kocin Akwa United, Abdu Maikaba ne, Bakano, yana yi wa mutanen Uyo aiki. Usman Abdallah, shi ma Bakano, Enyimba ya ci wa gasar ƙasa a 2019, a shekarar da Pillars ta zo ta biyu. 'Ya'yan Arewa sun yi ta ɗaukar kofuna a Kudu a matsayin gogaggun baƙi, alhali a gida ana ta neman gogaggen baƙo.

Masu kallon ƙwallon Turai sukan kawo misalin Guardiola, kuma suna da gaskiya. A 2008 Barcelona ta tsallake Mourinho ta ɗauki tsohon kyaftin ɗinta wanda kaka ɗaya kacal ya yi yana horar da ƙaramar ƙungiyarta, ya ci kofi uku a shekararsa ta farko. Sai dai ya gaji Messi da Xavi da Iniesta, da makarantar yara da ta shekara da shekaru tana koyar da salo ɗaya. 'Yan Chelsea kuwa sun san ɗaya fuskar: Lampard ya zo a 2019 da ƙaunar kowa, aka sallame shi a Janairun 2021, Tuchel ya karɓi yaran nan dai ya ci kofin zakarun Turai a watan Mayu. 'Yan Manchester United ba sai an tuna musu shekara kusan uku na Solskjaer ba kofi ba.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na marigayi Stephen Keshi. Ana yawan cewa ya ci kofin Afirka a 2013 ne don shi ɗan gida ne, tsohon kyaftin ɗin 1994. Ana mantawa cewa kafin a ba shi Super Eagles a 2011 ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, karo na farko a tarihinta, ya kuma riƙe Mali. Ya fita ya koyo, ya sha kora a ƙasar wasu, sannan ya dawo. Finidi George shi ma ɗan 1994 ne, ya kuma ci gasar ƙasa da Enyimba a 2023, amma da aka ba shi Super Eagles a 2024 wasa biyu na neman gurbin kofin duniya ya buga, kunnen doki da Afirka ta Kudu da shan kashi a hannun Benin, ya ajiye aiki.

A nawa ra'ayin, in Tornadoes za ta zaɓa, wanda ya haɗa biyun ya fi: wanda ya san gidan, ya kuma taɓa fita ya riƙe wata ƙungiya inda babu ɗan uwansa a hukuma. In ba a samu ba, to a lokacin da ƙungiya ke da 'yan wasan da suka saba da juna, na benci ya fi baƙo, kamar yadda aka gani a Kano a 2012 da Minna a 2017. Baƙo mai suna yana da amfani ne in za a fara gini daga tushe, kuma sai in an shirya ba shi kaka biyu da haƙƙinsa a kan lokaci. Pillars kanta da alama a nan ta tsaya bayan faɗuwarta. Evans Ogenyi ya dawo da ita babbar gasa a 2023, daga nan ta kira Maikaba gida, bayan shi kuma ta kira Usman Abdallah a 2024, wato Kanawa biyun nan da suka ɗaga kofi a Uyo da Aba.